Ku Tambaya Mu Amsa: Shige da Ficen 'Yan Wasa a Ƙungiyar Besbol

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga wasan besbol, musamman babbar gasar Amurka da Kanada da ake kira MLB, mai ƙungiyoyi 30. Galibin masu rubutowa sun riga sun zaɓi ƙungiyar da suke goyon baya. Abin da ke ɗaure musu kai shi ne yawan shige da ficen 'yan wasa, da yadda ƙungiya kan tashi ta faɗi, ta sake tashi, duk a cikin kaka guda. Ga waɗanda na zaɓo daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina bin ƙungiyar Toronto Blue Jays. Kusan kullum sai na ga sanarwar an saukar da wane, an ɗauko wane, wani kuma an yi masa abin da suke kira DFA. Na sha ganin mai jifa ya yi ƙoƙari da dare, gari na wayewa a mayar da shi ƙaramar gasa. Shin shugabannin ƙungiyar ne ba su san abin da suke so ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sun san abin da suke so sarai, kuma yawancin waɗannan sanarwoyi lissafin gurabe ne kawai, babu hukunci a cikinsu. Mafarin fahimtar lamarin shi ne tsawon kakar. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum ana fili, wani lokaci ma a yi mako biyu ba a huta ko yini ɗaya ba. Hannun mai jifa kuwa, wato wanda ke jefa wa masu bugu ƙwallo, ba ya jure wannan. Wanda ya buɗe wasa yakan yi jifa kusan ɗari, sannan ya huta kwana huɗu kafin ya sake fitowa, shi ya sa ake ajiye masu buɗewa biyar suna karɓa-karɓa. Sauran masu jifa, waɗanda ke shigowa a tsakiyar wasa ko ƙarshensa, su ne ke ɗaukar ragowar nauyin, kuma idan wasan yau ya yi tsawo har ya gajiyar da hannayensu duka, na gobe yana nan yana jira.

Doka ta ba ƙungiya damar riƙe 'yan wasa 26 kacal waɗanda za su iya shiga fili, kuma masu jifa ba za su wuce 13 a cikinsu ba. A watan Satumba adadin yakan ƙaru zuwa 28. Sama da wannan akwai babban jeri na mutum 40, wanda ya haɗa waɗannan 26 da wasu da ke jira a ƙananan gasanni masu matakai huɗu, mafi girmansu shi ne Triple-A. Ba a ɗauko kowa zuwa babbar gasa sai sunansa yana cikin 40 ɗin nan. Ɗan wasan da ke cikinsu yana da shekaru uku da za a iya saukar da shi a sake ɗauko shi ba tare da neman izinin kowa ba, sai dai tun daga 2022 an taƙaita saukarwar zuwa sau biyar a kaka guda. To, wancan mai jifa da ka gani ya yi ƙoƙari da dare, mai yiwuwa ya yi jifa mai yawa ne har ba zai amfanu ba sai bayan kwana biyu ko uku, kuma shi ne wanda doka ta yarda a saukar ba tare da an rasa shi ba. Sai a ɗauko wani mai hutaccen hannu ya maye gurbinsa. Na yarda da kai cewa abin yana da ciwo ga matashin, domin albashin ƙaramar gasa bai kama ƙafar na babba ba, amma ba ƙiyayya ce ta jawo ba.

DFA kuwa magana ce mai nauyi. Ma'anarta an cire sunan ɗan wasa daga jerin 40, kuma ƙungiya tana da kwana bakwai ta yi musayarsa, ko ta sallame shi, ko ta shelanta shi ga sauran ƙungiyoyi 29 ko akwai mai so. Idan da yawa suka nuna sha'awa, wadda ta fi rauni a teburi ita ake ba fifiko. Idan babu wanda ya ɗauka, sai a iya tura shi ƙaramar gasa. Wannan ne yakan faɗa kan wanda shekarunsa uku na saukarwa suka ƙare. Saboda haka idan ka ga an bar ɗan wasa mai rauni a cikin 26, an saukar da wanda ya fi shi, fara duba wa ke da sauran damar saukarwa, wa ba shi da ita. Sau da yawa amsar tana nan.

Ƙungiya takan yi amfani da 'yan wasa fiye da hamsin kafin kaka ta ƙare, wasu har su haura sittin. Kai da ke bin Blue Jays ka ga misalin da ya fi kowane kyau a 2025: Trey Yesavage ya fara kakar a mataki mafi ƙasa na ƙananan gasanni, ya haura matakan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya shigo babbar gasa a tsakiyar Satumba, sannan a wasa na biyar na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin gasar, ya kori masu bugu 12 da jifansa. Wanda ya tsaya kan sunayen ranar buɗe kaka kaɗai ba zai ma san da shi ba.

Tambaya: Ni mai goyon bayan wata ƙungiya ce da ke da matashi wanda kowa ya yarda ya isa babbar gasa, amma an bar shi a ƙasa, ana cewa sai ya ƙara gogewa. Ƙanena ya ce maganar kuɗi ce. Da gaskiyarsa?

Amsa: Malama, ƙanenki ya san abin da yake faɗi, ko da yake ba kowane matashi aka jinkirta saboda kuɗi ba. A wannan gasa ana ƙidaya wa ɗan wasa kwanakin da ya yi a cikin babban jeri, kuma kwana 172 su ne shekara ɗaya ta aiki, alhali kwanakin kakar sun ɗara haka da kimanin mako biyu. A shekaru ukun farko ƙungiya ce ke yanke masa albashi, yawanci kusa da mafi ƙarancin da aka amince, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Daga shekara uku zuwa shida yana da haƙƙin kai batun albashinsa gaban masu sasanci, su saurari adadin da ya nema da wanda ƙungiya ta bayar, su zaɓi ɗaya. Sai ya cika shekara shida cif yake zama mai 'yancin kansa, ya tafi inda ya ga dama. Kin ga ke nan idan aka riƙe shi a ƙasa na mako biyu ko uku a farkon kakarsa ta fari, shekararsa ba za ta cika ba, ƙungiya kuma ta sami kaka ta bakwai daga gare shi.

Sanannen misali shi ne Kris Bryant na Chicago Cubs. A wasannin share fage na 2015 ya yi fice ƙwarai, amma ba a ɗauko shi ba sai 17 ga Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171, wato saura kwana ɗaya tak shekararsa ta cika. Ya lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, ya zama gwarzon National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na gasar, a 2016, ya kuma shigar da koke ta hannun ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, amma a farkon 2020 mai sasanci ya ba Cubs gaskiya. Ni dai a ganina, doka ta wanke su, amma abin da aka yi masa bai dace ba, domin an rage wa mutum shekara guda daga lokacin da ya fi daraja a rayuwarsa ta wasa, magoya baya kuma an hana su kallon mafi kyawun tawagarsu a wasannin da ake ƙidayawa kamar kowanne.

Yarjejeniyar da aka cimma a Maris 2022, bayan masu ƙungiyoyi sun rufe harkokin gasar na kwana 99, ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Yanzu wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbi ana ba shi cikakkiyar shekara ko da an makara wajen ɗauko shi, kamar yadda aka yi wa Paul Skenes na Pittsburgh Pirates a 2024. Ƙungiyar da ta saka fitaccen matashinta tun ranar farko, shi kuma ya ci kyautar, ana ƙara mata gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa, abin da Seattle Mariners ta samu albarkacin Julio Rodríguez. Ki sa ido kan ranar da za a ɗauko naku. Idan ta faɗo daidai bayan mako na biyu ko na uku na Afrilu, to ƙanenki ya ci gardama.

Tambaya: Ƙungiyata ta sha kashi a wasanni da yawa tun farkon kaka, yanzu muna cikin Mayu kuma muna ƙasan teburi. In cire rai ne?

Amsa: Kada ka cire tukuna, ɗan'uwa. A besbol ƙungiya mafi ƙarfi ma takan sha kashi sau kusan sittin a kaka, mafi rauni kuma takan ci kusan sittin, shi ya sa aka girgiza da Chicago White Sox ta faɗi wasanni 121 a 2024. Rashin nasara biyar ko shida a jere abu ne da ke samun kowa. Kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa, ko da ƙungiya ta zo ta ƙarshe.

Washington Nationals ta buga wasanni 50 na farko a 2019 ta ci 19 kacal, ta faɗi 31, har ana kiraye-kirayen a kori kocinta. Ta ƙare kakar da nasara 93, ta shiga zagayen fitar da gwani ta ƙofar raɓa-danni, wato ba tare da ta zo ta ɗaya a shiyyarta ba, ta doke Houston Astros a wasa na bakwai, na ƙarshe a World Series, ta ɗauki kofin. Sai dai kada in yaudare ka: ana tuna wannan labari ne domin ba kasafai ake ganin irinsa ba. Abin da ya sauƙaƙa wa irinku lamari shi ne tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen ƙarshe, shida daga kowane rukuni, uku da suka zo na ɗaya a shiyyoyinsu da uku mafiya nasara a cikin ragowar.

Maimakon kallon teburi kaɗai, ka haɗa makin da ƙungiyarka ta ci gaba ɗaya, ka cire wanda aka ci ta. Idan ratar ba ta da yawa, amma kuna ta faɗuwa da maki ɗaya-ɗaya, akwai alamar cewa rashin sa'a ne, kuma irin wannan yakan daidaita da tafiyar lokaci. Haka abin yake idan an juya shi. Texas Rangers ta ci wasanni 95 a 2016 alhali makinta ya ɗara na abokan hamayya da takwas kawai, saboda ta yi ta tsira a wasannin da aka tashi da ratar maki ɗaya. Blue Jays ta fitar da ita a zagayen farko ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba, shekara ta gaba kuma nasarorinta suka sauko zuwa 78. Sannan ka duba su wa ke jinya, da lokacin da za su dawo. Ƙungiyar da manyan masu jifanta biyu za su dawo a Yuni ba ɗaya take da wadda kowa lafiyarsa ƙalau amma tana faɗuwa ba.

Tambaya: A ƙwallon ƙafa na saba jin an sayi ɗan wasa miliyan kaza. A besbol kuwa sai in ji an ba da tauraro an karɓi yara uku da ban taɓa jin sunansu ba. Wane irin ciniki ne wannan, kuma me ya sa yake yawaita a Yuli?

Amsa: Malam, a nan mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma kwantiragin ɗan wasa yana bin sa zuwa sabuwar ƙungiya yadda yake. A da can an sha sayarwa da kuɗi zalla, mafi shahara shi ne lokacin da Boston Red Sox ta sayar da Babe Ruth ga New York Yankees kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, amma yau manyan cinikayya musaya ce. Ba a tambayar ɗan wasa ra'ayinsa, sai wanda ya sa sharaɗin haka a kwantiraginsa, ko wanda ya yi shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Wannan haƙƙi ma bai samu a banza ba. Curt Flood ya ƙi amincewa da musayarsa daga St. Louis Cardinals zuwa Philadelphia Phillies a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya faɗi a 1972, sana'arsa ta wasa ta lalace, amma shi ya share hanyar 'yancin da 'yan wasa suka samu daga tsakiyar shekarun 1970.

Ana rufe ƙofar musaya a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da aka buga kusan kashi biyu cikin uku na kakar, kowa kuma ya san matsayinsa. Wadda ta cire rai, kuma tana da tauraron da kwantiraginsa zai ƙare nan da wata biyu, ta san zai tafi ne ba ta sami abin kirki ba, don haka gara ta bayar da shi ta karɓi matasa waɗanda za ta riƙe shekara shida da araha. Wadda ke hangen kofi kuwa takan sayar da gobenta ta sayi yau.

Duka ɓangarorin biyu suna da labarin da za su kafa hujja da shi. A Yulin 2021 Atlanta Braves ta rasa Ronald Acuña Jr. sakamakon tsinkewar jijiyar gwiwa, kuma har farkon Agusta nasarorinta ba su taɓa rinjayar faɗuwarta ba. Mutane da yawa sun zaci za ta haƙura. Sai ta ɗauko Joc Pederson, Adam Duvall, Eddie Rosario da Jorge Soler, ba ta kuma biya da manyan matasanta ba. Rosario ya zama gwarzon zagayen kusa da na ƙarshe, Soler ya zama gwarzon World Series, Braves ta ɗauki kofin da nasara 88 kacal a kaka. A ɗaya gefen, Detroit Tigers ta karɓi Doyle Alexander daga Braves ɗin a 1987, ya ci mata wasanni tara ba tare da ya faɗi ko ɗaya ba, ta zo ta ɗaya a shiyyarta, amma aka fitar da ita kafin wasan ƙarshe. Yaron da ta bayar, ɗan shekara 20 wanda ba a san shi ba, shi ne John Smoltz, wanda ya yi wa Atlanta jifa na kimanin shekara ashirin, aka kuma saka shi a zauren gwarazan wasan a 2015. Cubs ma ta ba Yankees Gleyber Torres a 2016 don ta karɓi Aroldis Chapman na 'yan watanni, Chapman ya koma Yankees da kaka ta ƙare, amma kafin nan Cubs ta ɗauki kofinta na farko tun 1908, kuma ban jin akwai magoyin bayanta da ke nadamar wannan ciniki. Don haka ka rubuta sunayen yaran nan uku ka ajiye, ba a sanin wanda ya ci riba sai bayan shekara huɗu ko biyar.

Tambaya: Me ya sa ake mayar da ɗan wasa daga jerin majinyata na kwana 15 zuwa na kwana 60? Ciwon ne ya ƙaru?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malama. Jerin kwana 10 na masu bugu ne, na kwana 15 na masu jifa, kuma duk wanda ke cikinsu yana nan riƙe da gurbinsa a cikin 40. Wanda aka sa a na kwana 60 kuwa ba a ƙidaya shi, sai ƙungiya ta sami gurbin saka wani. Idan likitoci sun riga sun san mutum zai daɗe, kamar mai jifan da aka yi wa tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John, wadda jinyarta kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana jira ne kawai sai ranar da ake buƙatar gurbin a sauya masa jeri.

Tambaya: Tunda Los Angeles Dodgers ta ɗauki kofi a 2024 da 2025, kuma ita ce mai kashe kuɗi kamar ba gobe, mene ne amfanin bin ƙaramar ƙungiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ba zan ce maka kuɗi ba ya aiki ba. MLB ba ta da iyakar albashi, abin da take da shi haraji ne kan wadda ta wuce wani adadi, wanda a 2025 ya kasance dala miliyan 241, kuma masu hali sukan biya su wuce. Dodgers ta ba Shohei Ohtani kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma a Disambar 2023, aka jinkirta biyan miliyan 680 daga ciki zuwa bayan ƙarewar kwantiragin, abin da ya ba ta sararin ɗauko wasu. Babban abin da kuɗi ke saya shi ne zurfi, wato idan mutum ya ji ciwo a sami wani nagari a bayansa, kuma a kaka mai wasanni 162 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Damuwar masu ƙananan ƙungiyoyi tana kan hanya, kuma ina tare da su a cikinta.

Amma dubi 2025 ɗin da kyau. New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, ta ƙare da nasara 83, ba ta ko shiga zagayen fitar da gwani ba. Milwaukee Brewers, wadda albashinta bai kusanci na waɗannan ba, ita ce ta fi kowa nasara a kakar da 97, kodayake Dodgers ta fitar da ita bayan ta doke ta a wasanni huɗu a jere. Zagayen fitar da gwani na watan Oktoba gajere ne, jerin wasanni uku ko biyar ko bakwai, kuma Dodgers da kanta ta ci wasanni 111 a 2022 amma San Diego Padres ta kore ta a karonta na farko.

Blue Jays kuwa ta zo ta ƙarshe a shiyyarta a 2024 da nasara 74, ta rabu da 'yan wasa da dama a Yulin shekarar. A Afrilun 2025 ta ɗaure Vladimir Guerrero Jr. da kwantiragin dala miliyan 500 na shekara 14, ta ci wasanni 94, ta kai World Series karo na farko tun 1993. A wasa na bakwai, a gidanta, tana gaba da ci 4 da 3 a zango na tara, wato na ƙarshe, saura mutum biyu ta kora ta ɗauki kofi. Wanda ya farke wa Dodgers ba Ohtani ba ne. Miguel Rojas ne, dattijon ɗan wasa da ya saba zaman benci, wanda aka karɓo daga Miami Marlins a wata musaya ta farkon 2023 da ba ta ja hankalin kowa sosai ba, kuma shi ne na tara a jerin masu bugu a daren. Ya buga ƙwallon ta tsallake katanga, aka tafi ƙarin lokaci, Will Smith ya buga irinta a zango na 11, Yoshinobu Yamamoto, wanda ya buɗe wasan jiyarsa, ya rufe wannan, aka tashi 5 da 4.